Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Aikin Maƙoƙo

A makon jiya na tsaya ne a inda kumburin wuyana ya yi girman da mayafi ba ya iya ɓoye shi, har na fara farkawa cikin dare ina jin kamar an shaƙe ni duk lokacin da na kwanta rigingine. Wannan ne ya sa Malam ya yanke shawarar mu tafi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, duk da cewa Inna ta fi son a kira wanzami ya yi tsaga kamar yadda aka saba a ƙauyenmu.

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro da ya duba ni bai fara da na'ura ba. Ya tsaya a bayana ya dafa wuyana da yatsunsa, ya ba ni ruwa ya ce in kurɓa, kuma yana jin kumburin ya haura ya sauko tare da haɗiyar sai ya ce maƙoƙo ne. Ya bayyana mana cewa kumburin da ke bin haɗiya yawanci daga tairod yake, wata halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da ke kwance a gaban maƙogwaro, wadda sinadarinta ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da kuzarin mutum. Ya tambayi garin da na tashi da irin gishirin da muke miya da shi, domin ƙarancin aidin, wani sinadari da tairod ke buƙata, a abinci yana cikin manyan dalilan wannan ciwo, shi ya sa tun 1993 aka wajabta sanya aidin a gishirin da ake sayarwa a Najeriya. Sai dai maƙoƙon da ya daɗe har ya yi ƙulle-ƙulle, gishiri ba ya mayar da shi.

Aka ɗebi jinina, aka yi sikanin na wuya, sannan aka soka siririyar allura cikin ƙullin da ya fi girma aka tsotso abin da za a duba. Sakamakon ya nuna ba ciwon daji ba ne, amma kumburin ya tura hanyar numfashina gefe guda, don haka babu makawa sai tiyata.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba wuƙa ba ce, murya ce. Ni malamar Islamiyya ce, da muryata nake biya wa yara karatu, da ita nake gyara musu tajawidi, kuma na taɓa ganin wata mata a unguwarmu da ta dawo daga irin wannan aiki ba ta iya ɗaga murya. Da na faɗa wa likitan haka, bai rarrashe ni da alkawarin banza ba. Ya ce, "Malama, akwai jijiyoyi biyu da suke bi ta bayan tairod, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su ne suke motsa igiyoyin murya. Aikinmu shi ne mu nemo su da idonmu mu kauce musu kafin mu yanke komai. Dishewa ta ɗan lokaci tana iya faruwa, ta dindindin kuwa ba ta da yawa, amma ba zan ce miki ba ta faruwa ba." Ya kuma sa aka zura wata siririyar kyamara ta hancina aka kalli igiyoyin muryar, domin a san halin da suke ciki tun kafin aiki. A ganina wannan gaskiyar da ya faɗa ita ce ta ba ni ƙarfin halin sa hannu a takardar amincewa, domin wanda ya ɓoye maka haɗarin aiki ba ka san me kuma ya ɓoye ba. Na yi istihara, Inna ma ta sa albarka da Malam ya kai mata bayanin.

An hana ni ci tun tsakar dare, da safe aka shiga da ni. Da na farfaɗo sai na tarar da bandeji a gindin wuyana da wata siririyar roba da ke fitar da ragowar jini. An yi yankan ne a kan layin da fatar wuya take naɗewa, saboda tabon ya ɓuya idan ya warke. Muryata ta fito a dishe, amma ta fito. Washegari na fara jin leɓɓana da yatsuna suna tsikari, ma'aikaciyar jinya ta yi maza ta sanar da likita, aka ba ni kalsiyam. Ashe akwai wasu ƙananan halittu guda huɗu da ke manne a bayan tairod masu daidaita kalsiyam a jini, waɗanda kan yi sanyi na ɗan lokaci idan an yi aiki kusa da su.

Tun da duka tairod ɗin aka cire, an sallame ni da ƙwayar da zan riƙa sha kowace safiya kafin karin kumallo har ƙarshen rayuwata, tare da umarnin in dawo bayan mako shida a auna jini a daidaita adadinta. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin komawata aji da muryar da ba ta gama dawowa ba, da kuma yadda na tsara shan maganin a watan azumi.