Fuska a hunturun Kumasi: sabulun salo, man kaɗanya da man haɗi

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta sauko Kumasi, sai ka ga fuskoki a unguwannin Aboabo da Asawase sun yi furu-furu, leɓɓa sun tsattsage. Da yawa sai su ƙara wanki, alhali wankin ne ke ƙara ɓarnar.

Sabulun salo, wanda 'yan kasuwar Kejetia ke kira alata samina, sabulu ne mai kyau, amma da tokar ɓawon koko ko na ayaba ake dafa shi, shi ya sa yake da kaifi. Yana kwashe maiƙon da fata ke kare kanta da shi. Kada a goga curinsa a fuska, domin burbushin toka na yin ƙananan yanka. A gutsuri kamar ƙwayar wake, a murza a tafin hannu har ya yi kumfa, a shafa kumfar na daƙiƙa 30, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Sau ɗaya da dare ya isa, da safe ruwa kawai. Soson raga kuwa na jiki ne. Idan fuska ta ɗaure bayan wanki kamar an ja ta, sabulun ya yi yawa.

Man kaɗanya ba ya kawo danshi, riƙe shi yake yi. Don haka a shafa tun fuska na da lema: kamar ƙwayar masara, a narkar a tafi, a danna a kumatu da goshi. Bayan alwalar Asuba da ta Isha'i ne ya fi amfani. Mai maiƙon fuska da ƙuraje ya tsaya a leɓe da inda ya bushe kawai.

Abin da ya fi damunmu, 'yan'uwa mata, shi ne man haɗi na ƙara haske. Tun 2016 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hana man shafawa mai sinadarin ƙara haske na hydroquinone, amma har yanzu ana kwaɓa shi a robobi marasa suna, sau da yawa tare da clobetasol, maganin da likita ke bayarwa na ɗan lokaci. Da farko fuska takan yi fes. Daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ƙuraje su feso, kumatu su yi baƙin da ya fi na da, wanda ke da wuyar gogewa. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, fuskar za ta yi ja da raɗaɗi. Ta je wurin likitan fata a asibitin Komfo Anokye a tsara mata yadda za ta rage.

Tabon ƙuraje kuwa rana ce ke ƙara duhunsa, ko da hazo ya rufe gari. A shafa man kariyar rana mai lamba 30 (SPF 30), wanda aka matso tsawon yatsu biyu, kowace safiya. Kuma a daina matsa ƙurji da farce.