Daga zafin Makka zuwa duwatsun Hada da Zi Ain

Na shafe shekaru ina zaune a Makka ba tare da na san cewa tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ce ta raba ni da garin da ake lulluɓa da bargo a tsakiyar watan Yuli. Yawancinmu Hausawan da ke nan haka muke: daga gida sai Harami, daga Harami sai kasuwa, idan an yi nisa a ce an je Jidda. Kawuna, wanda ya girma a Shara Mansur, shi ne ya gaji da ƙorafina a kan zafi, ya ce mini: "Ɗana, gobe bayan asuba ka kawo motarka, ka kuma ɗauko rigar sanyi." Na ɗauka zolaya ce, shi ya sa ban ɗauko rigar ba, kuma na yi nadama.

Makka tana cikin kwari, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba, ita kuwa Hada, garin da muka nufa kusa da Ɗa'ifa, tana kan duwatsun Sarawat a wajen mita 2,000. Hanyar da ta haɗa su tana hawa jikin dutsen Kara ne kwana bayan kwana, har kunnen mutum ya riƙa toshewa yana buɗewa. Tun kafin mu kai sama kawu ya kashe na'urar sanyaya mota ya sauke gilashi, iska mai ɗanshi ta shigo, gajimare kuma yana ratsa titi a gabanmu kamar hayaƙin murhu. A bakin hanya gwaggon birrai suna zaune bisa katangar kariya suna jiran masu tsayawa ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikinsu ya zura hannu ta taga ya fizge ledar burodin da muka saya don karin kumallo, ya koma gefe yana ci yana kallonmu babu ko kunya.

Birnin Ɗa'ifa kansa yana da abin ziyara. Akwai masallacin Abdullahi ɗan Abbas, sahabin da ya rasu a garin a shekara ta 68 bayan hijira, akwai kuma wurin da ake dangantawa da lambun da wani bawa mai suna Addas ya miƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inabi bayan mutanen garin sun jefe shi. Sai dai a ganina wanda ya tsaya a cikin birni ya juya bai ga rabin abin da ya kamata ya gani ba, domin daɗin yankin yana ƙananan garuruwan da ke kewaye da shi.

Shafa ce ta fi kwanta mini a rai, har na sake komawa a watan Afrilu saboda furen wardi, wanda kakarsa ba ta wuce 'yan makonni tsakanin Maris da Afrilu. Ana tsinkarsa ne da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, domin zafi yana kwashe ƙamshin. Na tsaya a wani ƙaramin gidan tatsar turare na ga yadda ake juye buhunan fure cikin manyan tukwanen tagulla, a zuba ruwa, a rufe, a hura wuta a ƙasa. Tururin yana bi ta bututu ya ratsa ruwan sanyi, sa'an nan ya riƙa ɗiga cikin kwalba, man kuma ya taru a sama ɗan siriri. Sai an dafa fure fiye da 10,000 kafin a sami tola ɗaya, wato wajen giram 12, kuma daga ranar na daina yi wa masu sayar da turaren Ɗa'ifa kallon masu tsawwala farashi. Irin wannan wardin ne ake haɗawa da ruwan Zamzam idan za a wanke Ka'aba. A bakin titin garin kuma manoma suna baza zuma da 'ya'yan itacen da kaka ta kawo, rumman ko inabi ko ɓaure.

Wanda yake da kwana biyu a hannu ya daure ya ƙarasa Baha, kimanin kilomita 220 kudu da Ɗa'ifa, ƙasar ƙabilun Gamid da Zahran. Dajin Ragadan yana nan dab da gari, amma cunkoson masu hutu ya sa ba mu daɗe ba. Abin da ya kai mu shi ne ƙauyen Zi Ain, mai nisan kilomita 24 daga Baha ta gangaren da aka huda wa hanya cikin duwatsu. Gidaje ne na dutse da aka jera bisa wani farin tsauni, wasu hawa biyu wasu har huɗu, an ɗora fale-falen duwatsu ɗaya kan ɗaya, kuma shekarunsu sun kai 400. Daga gindin tsaunin maɓuɓɓugar da ƙauyen ya samo sunansa take fitowa, ba ta ƙafewa rani da damina, tana shayar da gonakin ayaba da lemun tsami. Ƙofofin gajeru ne, sai da na sunkuya na shiga, ɗakunan kuma da sanyinsu duk da cewa zafin Tihama, wato filin da ke ƙasan duwatsun ta wajen Bahar Maliya, ya riga ya tarbe mu a waje.

A wannan gangaren ne na yi kuskuren da direbobin fili suke yi, na ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ya fara ƙauri. Kawu ya sa na tsaya a gefe, muka zauna kusan rabin sa'a muna jira ya huce, yana ta nanata mini cewa da ƙaramar giya ake sauka dutse. A hanyar dawowa muka biyo ta miƙatin Wadi Muhrim da ke kusa da Hada, muka yi wanka muka ɗaura harami, muka gangaro Hada da talbiyya, ni ina rawar sanyi cikin mayafi biyu, shi kuma yana leƙa giyar motar a kowace kwana.