Inda Aka Kwana Kan Hilux Ɗina

'Yan uwa masu koyo, ga inda aiki ya tsaya kan a-kori-kurata, Hilux mai injin dizal 2KD-FTV, lita 2.5, irin wadda ta fito daga kamfani da ƙarfin doki 102 kuma ba ta da intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga injin. Ƙarfi nake so in ƙara mata, amma har yanzu ban bari an taɓa kwamfutar injin ba, duk da cewa ita kowa ke tambayata a gareji.

Sake tsarin kwamfuta ba wani siddabaru ba ne. Mai ake ƙara wa nozul masu fesa dizal cikin injin, a ɗaga matsin turbo mai tura masa iska, shi ke nan. To turbo in ya matse iska sai ta yi zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, ba za ta ƙone man da aka ƙara ba. Daga nan sai baƙin hayaƙi, zafi ya taru a kan fistin. A watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, wannan ganganci ne. Shi ya sa na fara da ɗaura intakula a gaban lagireto, na wanke lagireton ciki da waje, sannan na sa ma'aunin zafin hayaƙi kafin turbo. Iyakar da na yanka wa kaina digiri 700 ce, da allura ta doso nan sai in sassauta totur.

Wanda ya fi cin lokaci shi ne 'yan zobban tagullan da nozul ke zama a kai. In suka fara yoyo, hayaƙi na shiga baƙin mai ya daskare, ya toshe rariyar famfon baƙin man, wata rana kawai injin ya buga. Na cire nozul huɗun aka gwada su, na sa sabbin zobba. Aiki ne da ba mai gani balle ya yaba, amma kada ku tsallake shi.

Buɗaɗɗiyar filtar iskar nan marar akwati da samari ke so kuwa, ban saya ba. Ƙurar hunturu za ta cinye fukafukan turbo. Akwatin kamfani na bari, filta kawai na sabunta.

Yanzu saura kuloci, don na ciki zai fara sulɓi a giya ta huɗu da zarar ƙarfi ya ƙaru. In na canza shi zan ɗauki awon zafi a hawa ɗaya da lodi ɗaya, sannan a ƙara mai kaɗan-kaɗan muna kwatantawa.