Ranar da aka nemi littafin Madagaska a shagona

Ni dai sana'ata littattafai ce, ɗan shago gare ni kusa da babbar kasuwar Maradi, kaye da bik da littattafan lakwal su ne cinikina, in an koma karatu a watan Oktoba ko abinci a tsaye nake ci. To ran nan sai ga wani dattijo ma'aikacin gandun daji, wai an tura shi taro Antananaribo, babban birnin Madagaska, kuma yana so in an tashi ya shiga daji ya ga namun can, in samo mashi littafin jagora. Na ce Alhaji an gama, alhali wallahi ban taɓa saida irin shi ba.

Yarona na Yamai ya aiko guda biyu a mota. Na farko ƙato, hotuna ras, ga lemur, wata dabbar can mai kama da biri, mai jela zobe-zobe, ga hawainiya kala-kala, har na ƙyasa. Da na buɗe wajen kuɗin masauki sai na ga duk da faran na Madagaska aka rubuta, alhali tun 2005 ariyari ake kashewa. Tsohon kaya ne aka goge ma ƙura! Abin dariyar ma, ariyari ɗaya faran biyar ne, kamar dalarmu sak.

Na biyun ƙarami ne, takarda ba kyau, amma da gani mai shi ya taka ƙasar da ƙafa. Ya faɗi daga Janairu zuwa Maris lokacin guguwa ne, hanyar duwatsun Tsingi na Bemaraha ba ta biyuwa da damina, gandun gwamnati kuma ba a shiga sai da ɗan jagora na wurin. Har abin da mutanen can ke ce ma "fadi" ya yi bayani, wato abubuwan da kowane gari ya haramta ma kanshi. Ni yanzu shekarar bugu nake fara dubawa, sai taswira, hoto daga baya.

Alhaji ya zauna bisa benci yana ta juya shafin garin Morondaba, inda kukoki suka yi layi a bakin hanya. Kuka iri shida ce can wadda babu ta ko'ina a duniya. Ya ɗago ya ce, Malam, su ma suna miya da ita kuwa? Muka duba tare, littafin bai faɗa ba. Ya biya, ya ce in ya dawo zan ji.