Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar Awon Tamowa

Makon jiya na tsaya a tariyar Yaya, amma ku yi haƙuri in tsallake shekarun nan. Wata 'yar'uwa ta tambaye ni yadda ake rabon abincin tamowa a asibitin karkara, tun ranar kuwa maganar Goggo ke yi mini yawo a ka: da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shirin jinyar tamowa a gida ya shigo Najeriya a 2009, aka fara da Gombe da Kebbi, bayan an ga amfaninsa a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Rana ɗaya ce a mako, ta yara daga wata 6 zuwa 59. Ana lanƙwasa hannun hagu a nemo tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a saki hannun ya miƙe, sannan a zagaya tef ɗin awo mai launi ja, ruwan ɗorawa da kore. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. Sababbin ma'aikata a nan suke tuntuɓe: ko su matse tef har ya nutse cikin fata, ko su bar shi sako-sako a sallami yaron da ya kamata a riƙe. Sai ƙafa. A danna babban yatsa a bayan ƙafafu biyun na daƙiƙa 3, idan gurbin yatsa ya zauna, kumburi ne, ko da tef ya nuna kore. Irin yaran nan ne dangi ke yi wa barka wai sun yi ƙiba.

Daga nan gwajin ci. Uwa ta wanke hannu, ta koma inuwa nesa da hayaniya, a ba ta leda ɗaya ta Plumpy'Nut, abincin tamowa, ta ba yaron. In ya ci, jinyar gida ce. In ya ƙi, ko yana amai, ko numfashi sama-sama, babban asibiti za a tura shi a fara da F-75, madarar jinyar tamowa, ba gardama.

Leda guda giram 92 ce, kalori 500: gyaɗa, madarar gari, sukari, mai da bitamin. A jadawalin da muka yi aiki da shi, yaro mai kilo 7 leda 3 yake ci a rana, 21 a mako, tare da amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a makon farko. Nono tukuna, sannan leda, da ruwa mai tsabta a kofi domin tana sa ƙishirwa. Ba a dama ta a koko. Da ruwa ya shige ta, ƙwayoyin cuta sun sami gida.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau shi ne wannan. Uwa ta koma gida da leda 21, yayyen yaron huɗu sun zuba mata ido, ga 'ya'yan kishiya a bakin ƙofa, tukunya kuwa tun jiya ba ta hau murhu ba. Mako ya zagayo, sikeli bai motsa ba, sai masu duba aiki daga birni su ce ta sayar. Akwai masu sayarwa, ban musa ba, ana ganin ledar a faifan 'yan tireda. To amma ita wa ya tambaye ta me ta ci? Abin da ke hannunmu dominta bai wuce ƙwayar ƙarin jini ba, kuma ita ake so ta shayar. Goggo ba ta taɓa ganin tef ɗin awo ba, ta rasu kafin a kawo shi, amma ta riga su faɗa: da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Katan ɗaya leda 150 ne, kusan jinyar yaro guda ke nan, mako 6 zuwa 8. Idan kaya suka yanke a tsakiya, musamman da damina kafin sabon gero ya iso, yaron da ya fara murmurewa baya yake komawa. A irin lokacin ne muke koya wa iyaye garin Tom Brown: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A jiƙa waken, a cire ɓawonsa, a shanya, a soya kowanne daban, a niƙa tare. Bai kai ledar ƙarfi ba ga wanda ya faɗa ja, amma na ruwan ɗorawa yana riƙe shi, ita ma uwar ta sha kofi guda.

Maganar tariyar Yaya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.