Yadda Lambar ISRC Ta Sa Na Buɗe Littafin Rajista

Na daɗe ina aikin haɗa sauti a wani ƙaramin situdiyo a Kano, amma ban san ana yi wa waƙa lamba ba sai ranar da muka tashi ɗora kundin wani mawaƙi mai waƙoƙi takwas a manhajojin sauraren waƙa na Spotify da Boomplay. Fom ɗin kamfanin da zai rarraba mana waƙoƙin ya nemi lambobi iri biyu, wato UPC da ISRC, ni kuwa na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Ta farkon ba ta ba ni wahala ba, domin ita ce zanen nan mai baƙaƙen layuka da ake gani a bayan kwalin faifai, irin wanda ke jikin gwangwanin madara. UPC alƙaluma 12 ce, 'yar'uwarta EAN kuma 13, ƙungiyar GS1 ce ke kula da su, kuma lambobin da aka yi wa rajista a Najeriya da 615 suke farawa. Kundin gaba ɗaya take nunawa a matsayin hajar sayarwa, saboda haka guda ɗaya ta ishe mu.

ISRC kuwa kowace waƙa da tata, domin sautin da aka naɗa take bi. Haruffa da alƙaluma 12 ne: biyu na farko na ƙasar da aka karɓi lambar, uku na wanda ya yi rajista, biyu na shekarar da aka bayar da ita, biyar na ƙarshe kuma na jeri. Ƙungiyar IFPI da ke Landan ce ke kula da tsarin. Da na ga namu sun fara da QZ maimakon NG na Najeriya, hankalina ya tashi, har sai da na gane cewa QZ na Amurka ne, wato ƙasar kamfanin da ke rarraba mana waƙoƙin, kuma haruffan ba su da alaƙa da ƙasar mawaƙi ko mallakar waƙarsa.

Kuskuren da har yau yake damuna ya faru ne bayan shekara guda, lokacin da muka koma wani kamfanin rarrabawa. Na bar gurbin ISRC babu komai, shi kuma sabon kamfanin ya ba waƙoƙin sababbin lambobi, manhajojin suka ɗauke su a matsayin waƙoƙin da ba a taɓa saki ba. Da aka sauke tsohon kundin, duk adadin sauraren da aka tara ya tafi tare da shi. Mawaƙin ya zo da wayarsa a hannu, ya nuna mini allon, ya ce, “Maigida, ina mutanen da suka saurare mu?” Ban sami abin ce masa ba, domin laifin nawa ne, kuma guminsa ne ya salwanta.

Daga nan na riƙe ƙa'idar da kyau. Muddin sautin bai canza ba, lambarsa ba ta canzawa, ko da an saka shi a kundi goma. Amma da muka sake naɗar ɗaya daga cikin waƙoƙin da kalangu, sai da ta sami sabuwar lamba, haka ma bidiyonta.

Yanzu akwai littafi mai bango mai kauri a kan teburina, inda nake rubuta sunan waƙa da tsawonta da ISRC ɗinta da UPC na kundin da ta fito a ciki, kuma kowane mawaƙi yana tafiya da kwafin shafinsa ranar da ya karɓi aikinsa.