Ranar komawa wurin likitar ido

Laraba. Yau aka ba ni in koma a duba idona bayan aikin LASIK, wato tiyatar gyaran gani da ake yi da hasken leza. Na ɗora haɓa a kan na'urar nan mai siririn haske, likita ta ɗiga min wani magani ruwan ɗorawa, ta kunna shuɗin haske, ta daɗe tana leƙe. Can ta ce bakin yankan ya haɗe. Na ce, "Ke nan na warke, Likita?" Ta ce, "Malama, sama ce ta rufe. Ciki kam da sauran tafiya."

Maganar nan ce ta wuni a raina, don ni ina gani garau, har rubutun da ke can nesa jikin bango na karanta ba tabarau.

Ta zana min a takarda. Tantanin gaban ido, wato koniya, kaurinsa ɗan sama da rabin milimita ne kawai, amma shi ke yin kusan kashi 2 cikin 3 na aikin tattara haske. A wannan ɗan abu aka yanki murfi, aka ɗaga, leza ta aske naman ƙasa, aka mayar ba ɗinki ko ɗaya. Abin da ya fara riƙe murfin shi ne ƙwayoyin da ke can ciki, masu zuƙe ruwa daga tantanin dare da rana. Sai ƙwayoyin sama su rarrafo su rufe bakin cikin kwana ɗaya ko biyu. Su masu sauri ne.

Naman tsakiyar tantanin ne mai jinkirin warkewa, kuma shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na kaurin. Zaruruwa ne jere a tsare, tsarin nan ne ma ya sa haske ke ratsawa. Babu jijiyar jini ko ɗaya a wurin, iska daga hawaye yake samu, abinci daga ruwan cikin ido. Idan mutum ya yanke a hannu, jini ya kawo ɗauki, tabo ya fito, shi ke nan. A nan kuwa tabo hazo ne a gaban gani. Shi ya sa ake ba da maganin ɗigo mai rage kumburi, don kada jiki ya yi gaggawar ɗinki. Wurin yana kamawa a hankali, galibi ta gefe, kuma ba ya komawa ƙarfinsa na da. Ta ce ko bayan shekaru likita na iya sake ɗaga murfin nan. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi, na ƙara jin nauyin hanin murza ido.

Bushewar da ke damuna da yamma ma ta samu bayani: an yanke jijiyoyin ji, ido bai cika sanar da cewa yana buƙatar hawaye ba, kuma sake tsirowarsu kan ɗauki watanni, wani lokaci shekara ko fiye.

Da la'asar na ɗan yi karatu kan tarihin tiyatar gyaran gani, ina yi ina hutawa. A shekarun 1970 likitan ido Svyatoslav Fyodorov na Tarayyar Sobiyet ya yaɗa aikin tsattsaga tantanin da wuƙa, tsagu masu zurfi kamar wayoyin ƙafar keke. Mutane sun ga haske, amma bayan shekaru wasu ganinsu na safe daban, na yamma daban, saboda tsagun ba su taɓa yin ƙwari ba. Kafin shi wani likita, Tsutomu Sato, a Japan ya yanka tantanin ta ciki, ya taɓa ƙwayoyin nan masu zuƙe ruwa waɗanda ba sa sake haihuwa, daga baya idanun marasa lafiya da yawa suka kumbura suka yi hazo. Abin yana min ciwo yadda ake tallar aikin LASIK da 'yan mintocin da ake yi a ɗakin tiyata, a bar watannin da ke biyo baya.

Bayan isha Yaya ta kira, ita ma tana son a yi mata. Na ce, "Yaya, ban hana ki ba, ni ma ina godiya ga Allah. Amma ki sa a auna miki kaurin tantanin, ki faɗa musu idonki na yawan bushewa, ki kuma tambayi ko za a iya yi miki wanda ba a yanka murfi." Ta ce in tura mata a rubuce, na tura.